Tsibiran Farne a Lokacin da Tsuntsayen Teku Ke Sheƙa

Seahouses ƙaramar tashar masunta ce a gaɓar Northumberland, can arewa maso gabashin Ingila, ba nisa da iyakar Sukotland, kuma daga nan ne jiragen ruwa ke tashi zuwa tsibiran Farne. Na isa garin a watan Yuni, a motar bas da ta taso daga Newcastle tana bin gefen teku tana tsayawa ƙauye-ƙauye, tare da wani abokina ɗan Zariya da ke karatu a can, wanda daga bakinsa na fara jin labarin wurin. Da gangan muka zaɓi wannan wata. Tsuntsayen da muka je gani ba mazauna tudu ba ne. Rayuwarsu duka a kan teku take, kuma ba abin da ke kawo su tsibiran sai yin ƙwai da ƙyanƙyasa da renon 'ya'ya, daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Yuli. Wanda ya zo a Yuni zai tarar an ƙyanƙyashe, iyaye suna ta kai da kawowa tsakanin ruwa da sheƙa da abinci a baki.

A bakin tashar akwai jerin 'yan rumfuna inda masu jirage ke sayar da tikiti. Kuɗin kashi biyu ne: na jirgi daban, na sauka a tsibiri daban, kuma wannan na biyun na ƙungiyar National Trust ne, wadda ke kula da tsibiran tun shekarar 1925. Matar da ta sayar mana da tikitin ta ja kunnenmu a kan abu biyu. Na farko, babu wanda zai yi mana alkawarin sauka, domin idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi direban jirgi zai zagaya da mu ne kawai ya dawo. Na biyu, kada wanda ya taka tsibirin Inner Farne ba hula a kansa. Abokina ya dubi zannar da ke kaina ya ce, "Malam, wannan taka ta zuwa ɗaurin aure ce, gara ka saka ta cikin jaka ka sayi wadda ba za ka ji zafin ɓacinta ba." Na bi shawararsa, na sayi wata mai malafa a shagon da ke kusa.

Jirgin buɗaɗɗe ne, da bencina a jere, kuma ko da yake bazara ce a lissafin mutanen ƙasar, muna fita daga shingen tashar iskar Tekun Arewa ta sa kowa ya ja rigar sanyinsa har wuya. Ta hannun hagu ana hango fadar Bamburgh a kan dutsenta. Baƙin dutsen da aka gina ta a kai shi ne dai ya ratsa ƙarƙashin ruwa ya ɓullo a matsayin tsibiran Farne, shi ya sa gefensu yake a tsaye kamar an sare. Direban jirgin, wanda ke yi mana bayani ta lasifika da karin harshen yankin mai wuyar kamawa, ya ce yawan tsibiran ya danganta da lokacin da mutum ya ƙirga: idan ruwa ya cika ba su wuce 15 ba, idan ya janye sukan kai 28. Waɗancan da ke nutsewa su sake ɓullowa su ne suka daɗe suna cin jiragen ruwa a wannan gaɓa.

Tun ba mu kai tsibiri na farko ba muka fara cin karo da fafin, tsuntsun da saboda shi yawancin fasinjojin suka biya kuɗinsu. Suna zaune a kan ruwa ƙungiya-ƙungiya, kuma da jirgi ya matso sai wasu su nutse, wasu kuma su yi ta gudu a kan fuskar ruwan suna dukansa da ƙafafu da fukafukai kafin su samu su ɗaga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Hotuna kan sa mutum ya ɗauka wani ƙaton tsuntsu ne, alhali bai fi tattabarar gida mai ƙiba ba, tsawonsa bai kai santimita 30 ba, nauyinsa kuma wajen giram 400. Bayansa baƙi, cikinsa fari, ƙafafunsa ruwan lemo, sai kuma faffaɗan baki mai ratsin ja da rawaya da shuɗi-shuɗi. Fukafukansa gajeru ne, sun fi dacewa da iyo a ƙarƙashin ruwa fiye da tashi sama, don haka dole ya riƙa kaɗa su har kusan sau 400 a minti ɗaya kafin ya riƙe kansa a iska. A cikin ruwa kuwa gwani ne, yana iya nutsewa har zurfin mita 60.

Daga nan jirgin ya nufi tsibirin Staple, inda wasu ginshiƙan dutse suke tsaye su kaɗai a cikin ruwa. Wari ne ya riga komai isowa gare mu, warin kashin tsuntsaye da na kifi, sannan hayaniya, sannan ido ya gane cewa farin da ke kan duwatsun kashi ne, baƙin da ke samansa kuma tsuntsaye ne a cunkushe har ba masaka tsinke. Waɗannan su ne gilimot. Ba sa yin sheƙa ko kaɗan. Macen takan ajiye ƙwai ɗaya tak a kan tsiraicin dutse, mai faɗi a gefe ɗaya da tsini a ɗaya gefen, kuma kowane ƙwai da irin launinsa da zanensa, abin da ke taimaka wa iyaye su gane nasu a cikin dubbai. Idan ɗan ya kai kimanin makonni uku, tun fukafukansa ba su isa tashi ba, sai ya diro daga kan dutsen zuwa teku da almuru, ubansa yana kiransa daga ƙasa, kuma uban ne zai ci gaba da ciyar da shi a kan ruwa har ya iya da kansa. A tsagogin dutsen kuma akwai rezabil, mai kama da gilimot sai dai ya fi shi baƙi kuma bakinsa ya fi kauri, da farin zane a kai. Ƙasa da su tsuntsayen kitiwek sun manna sheƙunansu na ciyawa da laka a kan 'yan tudun da ba su fi tafin hannu ba, suna kuka ba ƙaƙƙautawa. Direban ya kashe inji ya bar jirgin yana lilo dab da dutsen, kusa ƙwarai har mutum yana iya ganin ƙwayar idon tsuntsun shag, kore shar, yana zaune a kan tarin ciyawar teku da ya tara.

A kan duwatsun da ruwa ya janye ya bari, dabbobin nan na teku da ake kira sil suna kwance suna shan hantsi, wasu kuma sun leƙo da kawunansu daga ruwa suna bin jirgin da kallo. Namijinsu yakan kai kilo 300. Ba lokacin haihuwarsu ba ne, don haka ba mu daɗe a kansu ba.

Can gaba, a tsibirin Longstone, akwai hasumiyar fitila mai launin ja da fari da aka gina a 1826, kuma babu jirgin da ke wucewa ba a ba da labarin Grace Darling ba. 'Yar mai kula da fitilar ce. A daren 7 ga Satumba 1838 jirgin Forfarshire, wanda ya taso daga Hull zai je Dundee, ya daki dutsen Big Harcar ya rabe. Da gari ya waye ita da mahaifinta William suka hango sauran mutane a manne da dutse, suka shiga ƙaramin kwale-kwalensu cikin guguwa suka tuƙa zuwa wurin, aka ceto mutum tara. Shekarunta 22 a lokacin, kuma tarin fuka ya kashe ta a 1842, aka binne ta a Bamburgh. Ranar da muka je teku a kwance yake, duk da haka da na ga yadda ruwa ke murɗawa tsakanin duwatsun nan, na daina ɗaukar labarin a matsayin abin da ake ƙawatawa don masu yawon buɗe ido.

Allah Ya sa igiyar ba ta hana mu sauka a Inner Farne ba. Awa ɗaya ake ba kowane jirgi. Kafin mu hau tudu sai da kowa ya taka wani abu mai jiƙe da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A 2022 murar tsuntsaye ta auka wa tsibiran, aka rufe su ga baƙi a watan Yuli na shekarar, ma'aikata sanye da rigunan kariya suka kwashe gawawwakin tsuntsaye fiye da 6,000, ban da waɗanda suka faɗa teku ba wanda ya gani. Gilimot da kitiwek ne suka fi jin jiki, saboda yadda suke zama jiki da jiki. Ba a sake barin kowa ya sauka ba sai a watan Maris na 2024.

Muna fara hawa hanyar da ta taso daga bakin ruwa amfanin hula ya bayyana. Tsattsewar teku ta Aktik, farar tsuntsuwa mai baƙin kai da jan baki da wutsiya mai reshe biyu, tana ajiye ƙwanta ne a ƙasa, wani lokaci a gefen hanyar da mutane ke bi, kuma ba ta yarda da kowa. Takan tsaya cak a iska a saman kan mutum tana wani ƙara mai kama da kaɗa ƙarfe, sannan ta sauko ta sare shi a tsakar ka. Na sha sara har ta cikin hular, wani dattijo mai sanƙo da ke gabanmu kuwa, wanda ya cire tasa don ya ɗauki hoto, sai da aka ba shi auduga. Wanda bai samu sara ba ya samu kashi. Ma'aikatan sun roƙe mu kada mu kai wa tsuntsayen hannu, mu riƙa duban inda za mu sa ƙafa, mu kuma wuce da sauri. Ban ji haushinta ba, musamman da na san irin tafiyar da ta yi kafin ta iso nan. Nauyinta wajen giram 100 ne kacal, amma kowace shekara sai ta je Antatika ta dawo. Masu bincike na Jami'ar Newcastle sun ɗaura wa wasu 'yar na'ura a ƙafa a 2015, kuma da suka dawo a shekarar da ta biyo aka ga ɗaya daga cikinsu ta yi tafiyar kilomita 96,000, ta bi ta gaɓar yammacin Afirka, ta shiga Tekun Indiya, sannan ta gangara kudu. Wato wadda ta sare ni a Ingila ƙila ta taɓa ratsawa ta gaban gaɓar ƙasashenmu.

A kan tsibirin akwai wata tsohuwar majami'a ta dutse da hasumiya wadda ma'aikatan ke kwana a cikinta watanni da dama a shekara. Sunan Cuthbert majami'ar take ɗauke da shi, wani malamin Kirista da ya baro tsibirin Lindisfarne ya keɓe kansa a nan a shekarar 676, kuma a nan ya rasu a 687. Mutanen yankin suna cewa shi ne ya fara hana a taɓa tsuntsayen tsibirin, musamman agwagwar aida, wadda har yau suke laƙaba mata sunansa. Mun ga wata tana kwanci a gindin bango, taku kaɗan daga ƙafafun mutane, launinta ya saje da ƙasa, ta shimfiɗa wa ƙwanta lallausan gashin da ta fige daga ƙirjinta, ko motsi ba ta yi.

Bayan majami'ar ne hanyar katako ta bi ta cikin filin da fafin suka mamaye. Ƙasar duk ramuka ce, shi ya sa aka hana kowa sauka daga kan katakon, domin taku ɗaya na iya rufta rami a kan ƙwai ko ɗan tsako. Fafin da bakinsa da faratansa yake haƙa ramin, tsawonsa yakan kai mita ɗaya ko fiye, kuma yawanci miji da mata ɗaya ne ke komawa rami ɗaya shekara bayan shekara, ko da yake hunturu kowa a warwatse yake yin sa a teku. Ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Suna karɓa-karɓar kwanci na kimanin kwana 40, sannan su yi wajen makonni shida suna ciyar da ɗan a cikin duhu. Ranar da zai fita, cikin dare yake fita, shi kaɗai, ya nufi ruwa, kuma ba zai yi nasa ƙwan ba sai ya kai shekara biyar ko kusa da haka. Idan ya tsira yakan haura shekara 20. Kyakkyawan bakin nan ma na lokacin aure ne. Idan kaka ta yi sai ɓawon mai launi ya zube, bakin ya ƙanƙance ya dushe, har wanda ya gan shi a teku cikin hunturu zai yi zaton wani tsuntsu ne daban.

Masu manyan kyamarori sun jeru a gefen igiya, kowa abu ɗaya yake jira: fafin da ya dawo da kifi jere a baki. Yana iya riƙe goma ko fiye a lokaci ɗaya, domin harshensa mai kaushi ne, kuma a dasashinsa na sama akwai 'yan ƙayoyi masu kallon baya, sai ya danne waɗanda ya kama ya buɗe baki ya ƙara wani. Sai dai ba masu hoto kaɗai ke jiransa ba. Tsuntsayen gal masu baƙin kai suna tsaye a bakin ramuka, kuma da ya sauko sai su yi masa rubdugu. Na daɗe ina kallon wannan fashi. Wanda ya dace yakan faɗo daga sama kai tsaye cikin raminsa ba tare da ya tsaya ba. Wanda ya ga an tare ƙofa yakan sake zagayawa ta kan teku, wani har sau da dama, da kifin a baki. Wanda kuma aka cim masa yakan zubar da kayan ya tsere, ya koma ya faro daga farko. Mutane suna ta dariyar tafiyarsa ta rangaji da yadda yake sauka kamar zai kifa, amma a ganina, wanda ya tsaya minti goma a wurin zai ga cewa tsuntsu ne mai shan wahalar neman abinci, ba ɗan wasa ba.

Na tambayi wata matashiya daga cikin ma'aikatan yadda suke sanin yawansu tunda rabinsu a ƙarƙashin ƙasa suke. Ta ce ba tsuntsayen suke ƙirgawa ba, ramuka suke ƙirgawa. Sukan ware wasu 'yan filaye, su duba kowane rami ko akwai sabuwar haƙa ko kashi ko gashi a bakinsa, idan kuma suna shakka sai mutum ya kwanta ya zura hannu har kafaɗa, ya haƙura da cizon da zai biyo baya. Da ana yin ƙidayar ne duk shekara biyar, amma daga 2018 aka mayar da ita ta kowace shekara. Alƙaluman suna hawa suna sauka: ma'aurata fiye da 55,000 a 2003, ƙasa da 37,000 a 2008, kusan 44,000 a 2018, sannan wajen 50,000 a 2024, abin da ya sa ake ganin ƙila zaman rami ya kare su daga murar fiye da maƙwabtansu na kan dutse.

Abin da ya fi damun masu kula da su shi ne wannan kifin da kowa ke son ya ɗauka a hoto. Sandil ake kiransa, siriri ne mai ƙyalli kamar azurfa, yana ɓuya cikin yashin ƙasan teku, kuma shi ne abincin 'ya'yan fafin da na kitiwek da na tsattsewar teku. Ɗumamar ruwan Tekun Arewa tana rage ƙananan halittun da yake ci, kuma shekara da shekaru manyan jiragen kamun kifi, galibi na Denmak, suna kwasarsa ana niƙawa ana yin abincin dabbobi da mai. Idan ya yi ƙaranci iyaye sukan yi nisa kafin su samo, ko su kawo wani kifin da ɗan ba zai iya haɗiya ba, kuma tsuntsun da ƙwai ɗaya yake yi a shekara ba ya da hanyar mayar da asara da wuri. Haka ta faru shekaru a jere a tsibiran kudancin Aislan da wasu sassan Norwe, inda mafi yawan fafin na duniya suke, har a 2015 aka saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A watan Maris na 2024 Birtaniya ta haramta kamun sandil a ruwan Ingila na Tekun Arewa da kuma duk ruwan Sukotland, Tarayyar Turai kuma ta ƙi amincewa har ta kai maganar gaban kotun sasanci da ke birnin Heg. Ni dai bayan abin da na gani a bakin ramukan nan, ina goyon bayan haramcin, ko da yake na san masuntan da aka toshe wa hanya su ma suna da iyalan da suke ciyarwa.

Awar ta ƙare ba mu ankara ba, aka kira mu, muka sake ratsa tsattsewar da kawunanmu a sunkuye. A Seahouses muka wanke rigunanmu iya yadda za su wanku, muka ci soyayyen kifi da dankali a bakin tashar, muka yi sallar Azahar da La'asar a wani lungu na rairayin gaɓa kafin motar komawa ta zo. Rana a wannan wata ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Wanda ke da niyyar zuwa ya sayi tikiti tun da wuri, ya kuma bar wa kansa rana ta biyu ko da iska za ta hana fita a ta farko. Daga farkon Agusta ramukan fafin sun zama kango, duwatsun gilimot ma sun watse. Jiragen kan ci gaba da fita har cikin kaka, amma a lokacin sil ake zuwa gani, waɗanda ke haihuwar 'ya'ya fiye da 2,000 a tsibiran tsakanin Oktoba da Disamba.